Kafin a Sayi Na'urar Intanet, a Auna Sabis

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, intanet kan shiga gidaje ne ta irin wayar da ke kai shirye-shiryen talabijin. A ƙarshen wayar akwai wata na'ura da ake kira modam, wadda aikinta shi ne mayar da saƙon da ke tafe cikin waya zuwa abin da kwamfuta za ta iya karantawa. Maigida yana da zaɓi biyu: ko ya karɓi hayarta daga kamfani, ko ya sayi tasa. Lissafin ba wuya. Alal misali, idan haya dala 15 ce a wata, kuɗin saye kuwa dala 90, to, cikin wata shida mai saye ya fanshe kuɗinsa.

A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, lamarin ya sha bamban. Tun shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, ta iska mafi yawan jama'a ke samun sabis. Saboda haka abin da malami ko ɗalibi kan saya shi ne rawuta, ko ƙaramar MiFi ta aljihu, wadda ake sa wa layi. Nan ma zaɓin biyu ne. Akwai wadda kamfani kamar MTN ko Airtel ke sayarwa da rahusa, amma sau da yawa a kulle take, ba ta karɓar layin wani. Akwai kuma buɗaɗɗiya, mai ɗan tsada, wadda ke karɓar kowane layi. Mai ta farko kusan ɗan haya ne, domin ranar da sabis ɗin kamfanin ya lalace a unguwarsu ba shi da wurin ƙaura.

To, ta yaya za a san wadda ta dace? Sai an auna. Ana auna saurin intanet da megabit a daƙiƙa, girman fayil kuwa da megabait, kuma nan ne mutane da yawa kan ruɗe. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Ke nan layin da ke ba da megabit 10 zai sauke megabait 100 cikin daƙiƙa 80. Idan ya faɗo zuwa megabit 2, sai an jira kusan minti bakwai. Wannan megabit 10 shi ne mizanin da shirin gwamnatin tarayya na 2020 zuwa 2025 ya ƙudurta wa karkara, birane kuwa 25.

Lambar da aka rubuta a jikin kwali iyakar ƙarfin na'urar ce kawai, ba alkawari ba ne. Ƙarfen sabis guda jama'a da yawa ne ke raba shi, kamar yadda unguwa ke raba famfo ɗaya. Shi ya sa intanet kan yi gudu da asuba, ta ja ƙafa bayan isha'i. Nisa ma yana ragewa, haka katanga mai kauri. Duwatsun da suka ba Dutse sunanta kuwa suna iya tare saƙo, har gida biyu a unguwa ɗaya su sami sakamako dabam.

Gwajin ba ya bukatar ɗakin kimiyya. A ari layukan kamfani biyu ko uku, a sa a waya ɗaya, a buɗe Speedtest ko Fast.com a cikin ɗakin da za a ajiye na'urar. A gwada da safe, da rana, da dare, har kwana uku, ana rubutawa. (A yi hattara, gwajin kansa yana cin data.) A lura da saurin ɗorawa, ba na saukewa kaɗai ba, domin shi ne ke damun mai tura takardu ko mai darasi ta bidiyo.

Idan layi ɗaya ya yi zarra a kowane lokaci, kullalliyar na'urarsa ta wadatar. Idan kuwa wannan ya fi da safe, wancan da dare, ƙarin kuɗin buɗaɗɗiya bai tafi a banza ba. Malamin lissafi ko na fiziks zai iya raba wa ɗalibai aikin unguwa-unguwa, a haɗa alkaluman a allo, a fitar da matsakaicin kowane layi.