Kwance Notin Injin Ban-Ruwa Idan Ya Cije

Manomi, injin da ya yi damina a ajiye, tsatsa kan kama notinsa. Kada ka nuna masa ƙarfi. Jikin ƙananan injina alminiyam ne, kuma idan noti ya karye a ciki, shukarka a Dadin Kowa za ta sha ƙishi kafin ka dawo daga wurin makanikai a Gombe.

Ka kankare tsatsar, ka ɗiga kananzir, ka bari ya kwana. Da safe ka bubbuga kan notin da guduma, ka sa sufana daidai da shi, ka ɗan ƙara ɗaurewa sannan ka kwance. Idan kan ya cinye har sufana ba ta kamawa, mai walda zai liƙa masa wani noti. Zafin waldar ma yakan sassauta shi. Amma a fara juye fetur, a cire tankin.