Ranar Shiga Kyauta a Gidan Tarihi: Ko Ta Cancanci Kuɗin Mota?

Kwanakin baya zumuntar matasa ta ikkilisiyarmu a nan Ribah ta kawo mana shawara, cewa a ɗauki hayar mota a kai yaran makarantar Lahadi birni ranar 18 ga watan Mayu, domin sun ji wai a ranar ana shiga gidajen tarihi ba da ko kwabo ba. Dattawa suka yi shiru. Can sai wani tsoho ya ce, “Ƙofar ce kyauta, ko har da motar?” Aka yi dariya, amma tambayar ta zauna mana, gama kuɗin da za a kashe baikon talakawa ne, yaran da za a ɗauka kuwa amanar iyayensu ce.

Maganar matasan tana da tushe. Tun shekarar 1977 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta keɓe 18 ga Mayu ta zama Ranar Gidajen Tarihi, kuma a ƙasashe da yawa akan buɗe ƙofa kyauta a wannan rana. Wasu ma sun wuce nan: a Ingila an soke kuɗin shiga manyan gidajen tarihi na ƙasa tun 2001. A Najeriya, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, takan yi bikin ranar da lacca da wasannin gargajiya da gayyatar 'yan makaranta. Sai dai ba duk gidan tarihi ne a hannun hukumar ba, kuma kowane gida da tsarinsa, saboda haka kada kowa ya hau mota sai ya tambayi gidan da zai je.

Ga mutumin da yake zaune a Kano, wanda zai taka da ƙafa ko ya hau A-daidaita-sahu zuwa Gidan Makama, ba wata doguwar shawara. Ya je, ya kai iyalinsa. Haka 'yan'uwanmu mutanen ƙasar Zuru da aikin soja ya kai su barikin Kaduna ko na Jos, waɗanda yaransu suka tashi ba su san komai game da gida ba sai suna. A gare su ranar kyauta dalili ce mai kyau ta fita, tun da mutum yakan shekara goma yana wuce ƙofar gidan tarihi bai taɓa leƙawa ba.

Namu lissafin dabam ne. Babban gidan tarihin da aka fi sani a jiharmu shi ne na Kanta a Argungu. Kafin a kai can daga Ribah sai an bi ta Zuru da Dabai, a kama hanyar Mahuta zuwa Koko, a wuce Jega da Birnin Kebbi. Tafiyar wuni ce, kuma da wuya a je a dawo da yara ba a kwana ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. A haɗa da abinci da wurin kwana, sai a ga kuɗin ƙofar da muke murnar an yafe shi ne mafi ƙanƙanta a cikin jakar duka.

Sa'an nan a duba ranar kanta. Tsakiyar Mayu a ƙasarmu lokacin saukar damina ne, kowa yana sharar gona ko yana shuka. Manomin da ya bar danshin ruwan farko ya bushe saboda yawon buɗe ido, shi da rumbunsa za su yi maganar a watan Disamba. Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi, watau halin tsaro. Ba mu manta da ɗaliban da aka sace a Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ba, balle 'yan matan makarantar Maga, nan cikin ƙaramar hukumarmu, a watan Nuwamban 2025. Wanda zai cika mota da yaran mutane dole ya zaɓi ranarsa bisa labarin hanya, ba bisa ranar da kalandar duniya ta sa ba.

Mun taɓa halartar irin wannan rana a wani birni lokacin muna makarantar Littafi Mai Tsarki. Tun ƙarfe tara muke zaune ƙarƙashin rumfa ana jiran babban baƙo. Ya iso wajen sha biyu, aka yi jawabai, aka yi rawa, sa'an nan aka kora ɗaruruwan 'yan makaranta cikin ɗakunan kamar ana kora awaki rafi. Jagora ɗaya ne, muryarsa ba ta wuce layin gaba. Da muka fito muka tambayi wani yaro me ya gani, ya ce ya ga ƙeyar na gabansa. Bayan mako biyu muka koma mu uku ranar Talata, muka biya kuɗin ƙofa, jagoran nan dai ya yi kusan awa biyu tare da mu, har ya buɗe mana wani ɗakin da aka kulle ranar biki saboda cunkoso.

Kada a ɗauka muna cewa ba abin gani. Akwai, har ya fi ƙarfin wuni guda. Gidan tarihin Kanta tsohuwar fada ce da aka gina a 1831, sarakunan Kabi suka zauna a ciki har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. A nan yaro zai ga takubba da masu da kwari da baka da tambura na daular da Muhammadu Kanta ya kafa wajen 1515, wadda jiharmu ta ci sunanta. A Jos kuwa, inda aka buɗe gidan tarihi a 1952, akwai kawunan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000. Yaron da aka koya masa cewa kakanninmu ba su iya komai ba sai da Bature ya zo, idan ya tsaya gaban irin wannan aiki, gani ya kori ji.

Wata uwa ta tambaye mu ko ba gumaka za a kai yaranta su gani ba. Tambaya ce ta gaskiya, ba mu yi mata dariya ba. Abin da muka ce mata shi ne, kallo dabam, sujada dabam, kuma yaron da aka bayyana masa abu da rana ba ya jin tsoronsa da dare. Wannan ma wani dalili ne na guje wa ranar cunkoso, gama irin wannan bayani ba ya yiwuwa ana ture-ture.

Akwai kuma wani abu da ya taɓa mu kai tsaye. Matan Dakarkari sun yi suna wajen ginin tukwanen kabari masu siffar mutane da dabbobi, waɗanda akan ɗora a kan kaburburan manyan manoma da mafarauta da 'yan kokawa. Da yawa daga cikinsu dillalai sun kwashe, yau suna Turai da Amurka a bayan gilashi. Jikokin matan da suka gina su kuwa wasu ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Tsofaffin da za su iya faɗin ma'anar kowace siffa, da yadda ake golmo, da asalin bikin Uhola, suna nan zaune tare da mu, kuma kowace shekara suna raguwa.

Ga abin da muka tsayar da matasan. Ba za mu bi ranar 18 ga Mayu ba. Za a tara kuɗi sannu a hankali har bayan girbi, a rubuta wa gidan tarihin Argungu takarda tun da wuri a nemi jagora da rangwamen 'yan makaranta, a tafi ranar aiki da yara kaɗan waɗanda suka isa su riƙe abin da suka gani, idan hanya ta yi kyau. Kafin nan, ranar Lahadin da ta fi kusa da 18 ga Mayu, bayan an tashi sujada, an roƙi kowane gida ya kawo tsohon abu guda, ko garma, ko tulu, ko kwari, a jera a ajin makarantar Lahadi, mai abin ya tsaya kusa da kayansa ya ba da labari. Tsohon nan da ya yi tambayar mota shi ne ya fara sa suna, ya ce zai kawo bakan mahaifinsa.