Liyari: Kuɗin Da Shekararsa Ba Ta Motsawa

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko ma'aikacin da ya fara sha'awar tara tsofaffin kuɗin azurfa na ƙasashen Jamusawa, ba sai ya hangi Turai ba. Ya fara duba adakar kakarsa tukuna, ko kuwa ya gangara kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan azurfa, ya tambayi liyari.

Liyari dai shi ne babban kuɗin nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya. Yana cikin dangin kuɗin da Jamusawa ke kira tala, wanda masarautunsu irin su Bavariya da Saksoni kowace ta riƙa buga nata, kafin a haɗa ƙasar a 1871. Daga tala ɗin ne kalmar dala ta samo asali, wadda Hausawa suka laƙaba wa sule biyu. Fatake ne suka ratso Sahara da liyari, har Heinrich Barth ya iske ana canjinsa wuri 2,500 a Kano cikin 1851.

To, ga inda sababbin shiga ke yin asara. Sai mutum ya ga an rubuta 1780, ya zaci tsohon kaya ya samu, ya zuba kuɗi. Alhali kuwa shekarar da sarauniyar ta rasu ke nan. Da yake 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba su yarda da wani samfuri daban ba, sai aka ci gaba da bugawa da wannan shekara, tun daga Günzburg, wadda yanzu ke cikin Bavariya, har zuwa Roma da London da Bombay cikin ƙarni na 20. Har gobe ana buga shi a Biyana, 1780 ɗin na nan daram.

Saboda haka ma'auni ya fi shekara faɗin gaskiya. Liyari na ƙwarai nauyinsa giram 28 ne, kashi 83 cikin 100 azurfa, akwai rubutu a kewayen bakinsa, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi.

Abin takaici shi ne, wannan kyan azurfa shi ya ja masa. Maƙeran fari sun daɗe suna narkar da shi su ƙera zobba da awarwaro, magada kuwa sukan sayar a kan nauyi kurum. Wanda aka huda don ratayawa farashinsa kan faɗi wurin Turawa masu tarawa, amma fa hudar ce shaidar ya taɓa zama a wuyan wata amarya, ko cikin kitson wata Bafillatana.