Kwanon shinkafa irin na Japan, da kifin Tabalak

Ƴan uwa mata masu girki, shinkafa ta shiga tukwanen Adar. Daga Tawa har Afala, gidan da a da ba ya sanin ta sai ranar salla, yanzu yakan dafa ta in hatsi ya yi tsada. Wani sa'i ma shinkafar taimako ce daga ƙasar Japan. To, yaya masu ita suke cin ta?

Japanawa suna da wani girki da suke kira tendon. Ana zuba dafaffiyar shinkafa fara cikin kwano mai zurfi. A tsoma jatan lande cikin kwaɓin fulawa da ƙwai da ruwan sanyi, a soya, a ɗora bisa shinkafar. Sannan a yayyafa ɗan romo mai gishiri-gishiri, wanda ake yi da ruwan waken soya da aka bari ya ruɓa, kamar dai yadda muke yin daddawa. Kowa da kwanonsa.

Mutanen Japan sun ɗanɗana wahalar shinkafa tsura. A shekarar 1883 wani jirgin ruwan sojansu ya yi doguwar tafiya da mutum 376, abincinsu kusan duka farar shinkafa. Mutum 169 suka kamu da ciwon da ake kira beriberi, mai kashe ƙafafu da kumbura jiki, 25 suka mutu. Wani likita, Takaki Kanehiro, ya sa a 1884 aka tura wani jirgin ta wannan hanya, aka ƙara wa mutanen nama da kifi da ganye. Babu wanda ciwon ya kashe. Daga baya aka gano dalili: injin da ke goge shinkafa ta yi fari tas yana tafiya da dusarta, a dusar kuwa bitamin B1 yake. Farar shinkafa da mai da yaji tana cika cikin yaro, amma ba ta gina shi.

Teku ta yi mana nisa, jatan lande ɗanye ba zai iso Afala lafiya ba. Amma muna da tafkin Tabalak a kan hanyar Agadas, inda masunta ke kama tarwaɗa da karfasa. Muna kuma da albasa, wadda Adar ba ta roƙon kowa.

Ga yadda za a yi. A dafa shinkafa fara, kada a yi ta wanke ta har sau biyar, sau biyu ya isa. A yanka albasa biyu sirara, a zuba cikin ruwa kofi ɗaya da daddawa da gishiri kaɗan, su tafasa har albasar ta yi laushi. A sa tsokar kifi gunduwa-gunduwa, a bar ta minti goma. A kaɗa ƙwai biyu, a zuba a kai, a rufe har ya daskare. Haka Japanawa ke yi in ba su son suya, kuma a ganina ya fi dacewa da mu, don ba ya cin mai. A ɗora bisa shinkafar kowa, a ƙara dafaffen zogale. A tsince ƙaya sosai, a fara zuba wa yaro nasa kwanon, domin a babban akushi hannun manya ke riga shi ga kifin.

Wadda ta sami busasshen jatan lande a kasuwar Tawa, ta wanke shi, ta daka, ta zuba cokali biyu a romon. Sai dai akwai wanda jikinsa ba ya karɓarsa. In aka ga ƙaiƙayi, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti.

Wajen sayen kifi a duba idonsa ya zama garau, cikin kumatunsa ja, tsokar kuma in an danna ta dawo. A dafa shi ranar da aka saye shi. Abin da ya rage a kwano kada ya kwana, musamman da bazara.