Algus a Kasuwar Google: Yadda Ake Hawa Saman Shafi da Gaskiya ko da Ha'inci

Wanda ya ɗauki wayarsa ya rubuta "otal a Jos" ko "farashin buhun dankali a Farin Gada" yakan ɗauka cewa abin da ya fara fito masa shi ne ya fi cancanta. Da wuya ya gangara ƙasan shafin, balle ya buɗe na biyu. Wannan amincewa da jama'a suka ba injin bincike ita ta sa layuka uku ko huɗu na farko suka zama abin kokawa da kuɗi da dabara. A Najeriya sama da kashi 90 cikin 100 na binciken intanet ta Google ake yin sa, saboda haka in an ce injin bincike kusan shi ake nufi. Sana'ar ɗaga shafi zuwa waɗannan layuka ita masu harkar ke kira SEO, kuma a yau matasa da dama a Jos da ita suke neman abinci. Wasu sun koyi aikin kwamfuta a cibiyoyi irin su nHub, wasu sun koya wa kansu ta YouTube, suna bin masu otal a Rayfield da masu makarantu da dillalan filaye suna cewa, "Alhaji, bari in sa ka a shafin farko." Sana'a ce ta halal, garin kuma yana bukatarta. Sai dai a cikinta akwai iyaka tsakanin tallar gaskiya da algus, kuma a ganina ba Google ne ya shata wannan iyakar ba. Ta girme shi nesa ba kusa ba.

Google yana da manhajoji da ke yawo dare da rana suna karanta shafuka, suna adana abin da suka gani, sannan idan mutum ya yi tambaya sai a jero masa amsoshi bisa wasu ma'aunai. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa kamfanin a 1998, sun gina shi ne a kan tunani guda: idan wani shafi ya sa mahaɗi zuwa naka, to ya yi maka shaida, kuma shaidar babban shafi ta fi ta ƙarami nauyi. Daga baya an ƙara ma'aunai masu yawa, kamar saurin buɗewar shafi a waya, kusancin wurin da mai tambaya, da abin da masu saye suka faɗa. Aikin gaskiya a nan ba shi da wani sirri. Mai gonar strawberry a Chaha kusa da Vom ya rubuta a fili abin da yake nomawa, lokacin da yake nuna, yadda ake aunawa, da yadda kaya ke isa Abuja kafin su lalace. Ya sa hotunan gonarsa na ainihi, ya rage musu nauyi don mai ƙaramar data ya iya buɗewa, ya sa adireshinsa daidai a taswira. Wanda ya taimaka masa ya yi haka ya ci guminsa, domin ya sada mai nema da abin da yake nema.

Ɗaya ɓangaren kuwa duk mai zuwa kasuwa ya san shi. Buhun dankali ne da aka jera manya masu sheƙi a baki, aka cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a ciki. A intanet ana yin haka ta hanyoyi da yawa. Akwai mai rubuta "otal a Jos, otal mai araha a Jos, otal Bukuru, otal Rayfield" sau ɗari a ƙasan shafi da farin rubutu a kan farin fili, ta yadda idon mutum ba zai gani ba amma na'ura za ta ƙirga. Akwai mai buɗe shafuka ashirin iri ɗaya, ya canza sunan gari kawai, Pankshin, Shendam, Langtang, Mangu, alhali ko rumfa ba shi da ita a ɗayansu. Akwai mai sayen mahaɗai dubu daga shafukan da aka ƙirƙira domin sayar da shaida kaɗai. Akwai mai biyan yara su buɗe asusun bogi su zuba masa taurari biyar, kuma in abin ya yi muni su je shafin maƙwabcinsa su zuba masa tauraro ɗaya da ƙaryar cewa sun tarar da kuɗin cizo a ɗakunansa. Dabarun sun bambanta, amma jijiyarsu ɗaya ce: a nuna wa na'ura wani abu, a miƙa wa ɗan Adam wani daban. Malaman fiƙihu sun daɗe da hukunta ɗaya daga cikinsu, wato najashi, inda mutum ke yabon haja ko ƙara mata farashi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi mai saye na gaske. Littafin Karin Magana da Kiristocin Filato ke karantawa shi ma ya la'anci ma'aunin ƙarya. A garin da addinai biyu ke cin kasuwa ɗaya, wannan batu ne da babu saɓani a kansa.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa ne kaɗai ke faɗawa ciki. A Fabrairun 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga sakamakon bincike, bayan an gano yana nuna wa na'ura shafuka cike da maimaita kalmomi yayin da ake karkatar da mutane zuwa wani shafin. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa katafaren kantin JCPenney na Amurka ya mamaye layin farko a kayayyaki da dama ta hanyar dubban mahaɗai daga shafukan da ba su da alaƙa da hajarsa. Cikin kwanaki kaɗan ya faɗo daga na ɗaya zuwa kusan na 70 a wasu kalmomin. Kamfanin ya ce bai san an yi ba, ya kuma sallami waɗanda ya ba kwangilar, amma hukuncin a kansa ya sauka. Mafi muni shi ne labarin Vitaly Borker, mai sayar da tabarau a birnin New York, wanda a 2010 ya fito yana alfahari cewa zagin kwastomomi da yi musu barazana yana amfanarsa, domin duk ƙorafin da suka rubuta a intanet yana ƙara ɗaga sunan shagonsa. An kama shi a ƙarshen shekarar, a 2012 aka yanke masa shekara huɗu a kurkuku. Google ya mayar da martani da sauye-sauyen da aka sani da Panda a 2011 da Penguin a 2012, sannan a Maris 2024 ya fito da sababbin ƙa'idoji kan tara shafuka barkatai da na'ura ta rubuta, da sayen tsofaffin adireshi masu mutunci a cika su da shara.

A nan mai hankali zai iya cewa: wa ya naɗa Google alƙali? Kamfani ne mai neman riba, shi da kansa yana sayar da saman shafi ga mai kuɗin talla. A 2017 Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro biliyan 2.42 saboda fifita sashensa na kwatanta farashi a kan na abokan gasa, kuma a Agustan 2024 wani alƙalin tarayya a Amurka, Amit Mehta, ya yanke cewa ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba. To don me karya ƙa'idarsa zai zama laifin ɗabi'a? Wannan magana tana da nauyi, kuma rabinta gaskiya ne. Ba duk abin da Google ya hana ne haramun ba, ba kuma duk abin da ya ƙyale ne halal ba. Amma wanda aka cuta da yabon ƙarya ba Google ba ne. Matar da ta taso daga Lafiya da jaririnta ta kama ɗaki saboda taurari biyar, ta tarar babu ruwa a daren sanyin Disamba na Jos, ita aka cuta. Mai otal na gaskiya da aka ture ƙasa, shi aka cuta. Laifin mai kasuwa ba ya halatta wa ɗan tebur tauye mudu. Kuma tallar da Google ke sayarwa, duk da abin da za a ce a kanta, tana ɗauke da alamar cewa talla ce; shaidar da aka saya kuwa tana zuwa ne da rigar gaskiya.

Ga mai karatu da Hausa haɗarin ya ninka, kuma wannan ne ya fi damuna. Idan ka yi tambaya da Ingilishi kan hawan jini, shafukan manyan asibitoci da hukumomin lafiya ne ke gasa a kan layin farko, mai shara zai sha wuya kafin ya keta su. Idan ka rubuta "maganin basir" ko "maganin ciwon suga" ko "alamomin shigar ciki", filin kusan wayam yake, duk wanda ya riga zuwa shi ne sarki. Tun da Google Translate ya ƙara Hausa a 2013, ballantana yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke zubo rubutu cikin daƙiƙa, mutumin da bai san ko gaisuwa da Hausa ba yana iya cika shafi ɗari a rana, ya jera tallace-tallace a gefe, ya jira dannawa. Wani shafin kuma bayanin ciwon yaudara ce kawai, a ƙarshensa lambar waya ce da kwalbar haɗin da ba ta da rajistar NAFDAC. Haka ɗalibin da ke zaune a shagon kwamfuta a Bauchi Road yana neman fom ɗin Jami'ar Jos ko sakamakon JAMB: shafin da ya fito masa yana ɗauke da tambarin hukuma da launinta, harafi ɗaya ko biyu ne suka bambanta adireshin, kuma JAMB ta sha gargaɗi kan irin waɗannan shafuka. Wanda ya ɗaga irin wannan shafi zuwa sama don an biya shi yana da kaso a kuɗin da aka damfari ɗalibin.

Jos kuma tana da nata ciwon na musamman. Sunan garin ya daɗe yana tafiya tare da kalmar rikici tun Satumbar 2001, kuma masu farautar dannawa sun san kanun da ya haɗa su biyun yana jawo jama'a. Sai a ɗauko tsohon labari a canza masa kwanan wata, ko a liƙa hoton wata ƙasa, don a kama masu tambayar abin da ke faruwa a Jos yau. Binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a Nuwambar 2018 ya nuna inda irin wannan ke kaiwa. Bayan harin yankin Gashish a ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Yunin shekarar, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali, ciki har da wanda asalinsa daga Kongo-Brazzaville ne tun shekarun baya, kuma washegari aka tare hanya aka kashe matafiya 11. A Facebook wancan ya yaɗu, ba a shafin bincike ba, amma kasuwar ɗaya ce: ana biyan mai shafi gwargwadon idon da ya tara, ba gwargwadon gaskiyar da ya faɗa ba. Ko a lokacin zaman lafiya garin yana asara, domin baƙon da ke son ganin duwatsun Shere ko gidan tarihin da aka buɗe a 1952 sai ya ci karo da tsohuwar gawa da aka sake yi wa kanu.

Hujja ta biyu da ake kare algus da ita, bayan ta tuhumar Google, ita ce wadda matasan sana'ar suka fi kawowa: kowa yana yi, manyan kamfanonin Legas suna da miliyoyin talla, in ɗan Jos bai yi dabara ba yaushe za a gan shi? Tausayin da ke cikin wannan magana na gaske ne, amma lissafinta bai fita ba. BMW ya dawo cikin 'yan kwanaki, JCPenney ya farfaɗo bayan 'yan watanni, domin suna da lauyoyi da suna da kuɗin jira. Mai shagon ɗinki a Terminus da aka rufe masa shafinsa na taswira saboda yabon bogi ba shi da wanda zai kira. Sannan makamin ƙaramin ɗan kasuwa na gaske shi ne abin da na Legas ba zai iya saya ba: ya san lokacin da dankalin Bokkos ke shigowa, ya san motar da ke tashi daga Farin Gada zuwa Fatakwal, yana iya rubuta wannan da Hausar da mai saye ke ji. Binciken da ya shafi wuri yana fifita na kusa, kuma ƙarancin rubutun Hausa da ke ba mai shara dama shi ne dai ke ba mai gaskiya dama, in ya zauna ya rubuta.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da haja, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta tanadi hukunci kan shafukan sojan gona. A Amurka hukumar kasuwanci ta FTC ta haramta saye da sayar da yabon bogi a 2024. Amma kafin hukuma ta iso Dilimi ko Katako, mai shagon ne ke da ikon farko, domin da sunansa ake aikin, kuma cewa "ban sani ba" bai ceci JCPenney ba. Ya tambayi yaron da zai ba aikin daga ina mahaɗan za su fito, su wa za su rubuta yabon, kuma me za a rubuta a shafin da shi mai shagon ba zai gani ba. Ya tabbata adireshin shafin da asusun taswirar da sunansa aka buɗe su, kalmar sirri kuma tana hannunsa. Wanda ya yi masa alƙawarin layin farko cikin mako guda, ya tambaye shi ta wace hanya, domin Google da kansa ya bayyana cewa babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya.