Ya Kamata Mai Gida Ya San Baƙin Da Ke Kan Intanet Ɗinsa

A cikin watan Nuwamba na 2016 intanet ta yi ta tsinkewa a ƙasar Laberiya, har jama'a da yawa suka kasa aika saƙo. Da aka bi diddigi sai aka tarar dubban kyamarorin tsaro da wasu na'urorin mutane na ƙasashe dabam-dabam ne aka juya akalarsu, suka yi wa kamfanin sadarwa na Lonestar taron dangi da saƙonnin banza har ya kasa ɗauka. A watan Janairu na 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure wani Bature, Daniel Kaye, shekara 2 da wata 8 saboda wannan aika-aika. Su kuwa masu kyamarorin ba su ma san an yi ɓarna da kayansu ba.

Makamin da aka yi aikin da shi wata muguwar manhaja ce mai suna Mirai. Dabararta ba ta da wuya: takan bi intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kowace na'ura, tana gwada kalmomin sirri wajen 60 irin waɗanda masana'antu ke sakawa, waɗanda galibin masu saye ba su damu da canzawa ba. Da ita aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari ran 21 ga Oktoba, 2016, Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga miliyoyin mutane. A Jamus kuma gidaje wajen 900,000 suka rasa intanet a ƙarshen Nuwamba na shekarar. Da ma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, ina bangon yake a gidan mutum? Yana jikin ɗan akwatin nan da ke rarraba intanet, watau rauta. Ita ce zauren gida, domin ko waya, ko kwamfuta, ko talbijin, ko kyamara, babu mai shiga sai ta nan. Kowace na'ura tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 12 da ake kira lambar MAC, shida na farko kuwa su ke nuna kamfanin da ya ƙera ta. Duk wadda ta yi sallama, rauta takan ba ta adireshi, ta rubuta lambarta da sunanta, wasu rautocin har da lokacin shigarta. Ashe littafin baƙi yana nan, mai karanta shi ne babu.

Duba shi kuwa ba sai gwani ba. Mutum zai rubuta adireshin rautar a wayarsa, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma akan buga shi a gindin akwatin. Daga nan sai ya buɗe jerin na'urorin da ke haɗe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya laƙaba wa kowace sunan mai ita, ya kuma kwafe jerin a takarda. Idan gida na da na'urori 9 amma aka ga 11, lalle akwai baƙin da ba su nemi izni ba. Haka nan idan kyamara ta kama aika bayanai masu yawa da tsakar dare, ko data ta riƙa ƙarewa kafin lokacinta, abin a bincika ne.

Sai dai akwai abubuwa biyu da kan ruɗa mutane. Na farko, wayoyin zamani na Android da iPhone sukan sauya lambar shaidarsu don kāre sirrin mai su, saboda haka wani lokaci baƙon da aka gani wayar uwargida ce. Na biyu, rautoci da yawa sukan manta abin da suka rubuta da zarar an ɗauke wuta, wanda kuwa ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Don haka masu son cikakken tarihi kan haɗa wata 'yar ƙaramar kwamfuta irin su Raspberry Pi ta riƙa ajiye shi.

In an ga wanda ba a sani ba, magani shi ne a canza kalmar sirrin shiga intanet ɗin da ta rautar kanta, a sabunta manhajarta, a kuma keɓe wa baƙi da maƙwabta tasu ƙofar dabam, domin rautoci da yawa suna da wannan tsari. Tun watan Afrilu na 2024 dokar Birtaniya ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai saukin zato, amma tsofaffin da ke cikin gidaje sai masu su sun gyara da kansu.

Wani abin lura kuma shi ne, littafin nan na iya nuna lokacin da kowa ya shigo gida ko ya fita. Saboda haka amana ne a hannun mai gida. Kyautuwa ya yi ya sanar da iyalinsa cewa yana dubawa, kuma don tsare ƙofa yake yi, ba don bin sawun kowa ba. Duba sau ɗaya a wata ya wadatar, rigakafi kuwa ya fi magani.