Yadda Ake Auna Hasken Rana a Kan Teku

Kusan kashi 71 cikin ɗari na doron duniya ruwa ne. Ke nan galibin hasken rana a kan teku yake sauka, ya ɗumama ruwa, tururi ya tashi, gajimare ya haɗu. Danshin da ke kawo damina a Maraɗi ko Garwa ma, da yawansa daga tekun Atilantika iska ke ɗauko shi. Shi ya sa masana yanayi ke ɗora na'urori a kan jiragen ruwa, don su san yawan hasken da teku ke sha.

Babbar na'urar wannan aiki sunanta firanomita. Da Hausa muna iya ce mata ma'aunin hasken rana. (Ɗalibi ya lura: ma'auni daga auna ya fito, kamar yadda mabuɗi ya fito daga buɗe.) Girmanta bai wuce na ƙaramin kwano ba. A tsakiyarta akwai wani baƙin faifai da aka kife wa ƙoƙon gilashi biyu, ɗaya cikin ɗaya, don kada iska ko ruwa su taɓa shi. In rana ta bugi faifan sai ya fi jikin na'urar zafi. Wannan bambancin zafi shi ke haifar da 'yar wutar lantarki, kwamfuta kuma ta rubuta yawanta. Da wat ake lissafin, a kan kowane murabba'in mita. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, akan sami kimanin wat 1,000.

A tudu aikin ba wuya: a daidaita na'urar ta kalli sama sosai, a ɗaure, shi ke nan. Jirgi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Igiyar ruwa na karkata shi hagu da dama, gaba da baya. In na'urar ta karkata wajen rana sai ta nuna fiye da abin da ke akwai, in ta kauce ta nuna ƙasa da shi. Kuskuren ya fi yawa da safe da yamma, lokacin da rana ba ta yi sama ba. Dabarar da aka daɗe da ita ita ce a rataye na'urar cikin zobba biyu masu juyawa, irin na kamfas ɗin jirgi, ta yadda jirgi zai karkata ita tana zaune daidai, kamar tulu a kan mace mai tafiya a hanya mai gargada. Amma in teku ya yi fushi, ita ma sai ta shiga lilo. Don haka wasu sukan kafe ta ƙam, su sa wata na'ura ta riƙa rubuta karkatar jirgin, daga baya a gyara lissafi.

Sai wurin ajiyewa. Ana kai ta can ƙololuwar jirgi, inda inuwar bututun hayaƙi ko ta sandunan rediyo ba za ta faɗa mata ba.

A ganina, abin da ya fi ɓata awo shi ne datti, ko da yake an fi raina shi. Feshin teku na bushewa ya bar gishiri a kan gilashin, hayaƙin injin ya bar baƙi, tsuntsaye ma ba a bar su a baya ba. Dole kowace safiya wani ya hau da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi ya goge.

Inda babu mai gogewa an ga illar. Tun 1997 ƙasashen Barazil da Faransa da Amurka suka fara girka tasoshin awo masu yawo a kan ruwa, ɗaure da anga, a tsakiyar Atilantika, a wani shiri mai suna PIRATA. Kusan sau ɗaya a shekara jirgi ke zuwa duba su. Ƙurar Sahara, wadda kwarin Bodele na Cadi ke cikin manyan mafaranta, tana bin iska zuwa yamma ta kwanta a kan gilashin. Masana sun gano cewa tasoshin da ke kan hanyar ƙurar suna nuna haske ƙasa da na gaskiya, har sai da aka koma aka gyara alkaluman.